Ranar da Zobe Ya Tashi a Rumfar Oga Kwabo

Shekaranjiya ina zaune a kan bencina na ga ɗayanku, ba zan faɗi sunansa ba, ya hau kan tayar tifa ya zauna daram, tiyon iska a bawul, waya a kunne, yana ta dariya. Ban yi masa magana ba sai da ya gama, don in na daka masa tsawa ya zabura, wani abin ne daban. Da na kira shi na tambaye shi ko ya duba zoben kafin ya ba ta iska, sai ya ce, "Baba, ai faci ba wani aiki ba na. Inji ka yin komi." To, tunda yau hanya ta yi shiru, ku jawo tayoyin nan ku zauna in ba ku labarin aikin da kuke cewa inji ke yi.

Ku Baba Mai Faci kuka sani, amma sunana Altine, kuma ban shigo sana'ar nan ina yaro ba. Manomi ne ni a wajen Sifawa, har na yi aure. Fari ne ya cinye mana gero ya kashe 'yan bisashen da muke da su, na fito bakin titi a Bodinga ina dakon buhunan albasa. A nan wani mai faci ya ga yadda nake ɗaga buhu, ya ce mai wannan ƙugun zai iya famfo. Shi ne Oga Kwabo.

Sunansa na gaskiya Kwabena, mutumin Gana ne daga wajen Kumasi. Bakin mutanen Bodinga ya kasa juya sunan, suka mai da shi Kwabo, shi kuma ya amsa. Ya shigo ƙasar nan yana yaron motar goro. Motar ta lalace a nan, aka bar shi gadinta, mai ita ya daɗe bai dawo ba, shi kuma ya fara yi wa masu keke faci don ya samu na tuwo. Haka ya zauna. A lokacin ba mai tambayar mutum takarda. Hanyar nan kuwa ta san baƙi tun kafin a zuba mata kwalta, don ta nan fatake ke bi da jakuna su sauka Jega, su nufi Gwanja neman goro. Oga Kwabo kan ce shi goro ne da ya gaji da jiran fatake ya taho da ƙafarsa. Hausarsa tana da yawa, sai dai ba ta da mace. Mota ya zo, taya ya fashe, matarka ya kawo abinci. Yara na bin sa suna kwaikwayo bai damu ba. Amma da ya buɗe baki ka san ba ɗan ƙasa ba ne.

Rumfarmu tana filin Baba Maccido, dillalin albasa, dattijo mai farin gemu da ke wuni a kan buzunsa gefen titi. Kayan aikinmu akwatin katako guda ke ɗauke su. Liba uku na ɓamɓare taya da maƙeri ya fitar daga tsohon sifirin mota, guduma babba da ƙarama, jak, sifana, magagari, almakashi, da gwangwanin sholisho, gam ɗin da ake liƙa faci da shi. A waje akwai rabin duro na ruwa, inda muke nutsa tiyub mu nemi kumfa. Sai tukunyar faci, wadda ba ku taɓa gani ba. Tsohon fistin mota ne a kan maɗauri mai noti. Ka kankare wurin hujin, ka ɗora ɗanyen roba, ka matse, ka zuba kananzir a kwanon fistin ka kunna. Wutar ta ci ta mutu don kanta, ka bari ya huce. In ka yi gaggawa facin ya ɗago kafin mota ta kai Tambuwal, in wuta ta yi yawa tiyub ya ƙone a hannunka. Iska kuma da famfon hannu muke bayarwa. Tayar roka guda, babbar motar kayan nan, mutum biyu ke karɓa-karɓa, kafin ta cika sai ka tuɓe riga ka matse.

Wata a-kori-kura ta albasa daga Lambara ce ta koya mini abin da ake kira faci. An yi mata faci a wani wuri, ta sace, an sake, ta sace, direban ya iso wurinmu yana zage-zage. Na ciro tiyub na ga hujin, na ɗauko magagari. Oga Kwabo ya karɓe ya ajiye, ya kama hannuna ya tura shi cikin tayar, ya ce in yi ta shafawa a hankali har in ji. Na zagaya na zagaya ban ji komai ba, sai can wani abu ya tsaga mini tafin hannu. Ƙayar aduwa ce ta karye a cikin roba, kanta kawai ya leƙo, ido ba ya ganinta. Ya ce, "Tiyub ba shi da laifi. Wanda ya soke shi yana ciki yana jira." Tun ranar ban taɓa rufe taya ban shafa cikinta ba.

Masu kawo mana aiki kala-kala ne. Akwai direbobin roka masu albasa da gero, waɗanda in sun tsaya sai sun ci sun sha sun ba ka labarin Ikko. Akwai masu motocin shanu, su kullum a gaggauce suke don kada dabba ta faɗi. Da aka shiga mulkin siyasa kuma ɗan Shagari ya hau kujerar ƙasa, sai manya suka daina rabuwa da hanyar nan, dogayen motoci masu baƙin gilashi, ba sa jira, a jefo maka taya a ce za a aiko. Sai kuma waɗanda muke kira Turawan hamada. Lokacin sanyi suke zuwa. Sun ratso rairayi daga ƙasashen Larabawa, sun biyo Agadas da Tawa da Ƙwanni, sun shigo ta Illela, suna neman bakin teku. Fatarsu ta ƙone ta saɓule, matansu da wando, ba abin da suke so kamar su ɗauki hoton jaki. Wasu Faransawa biyu sun taɓa isowa da tsohuwar mota da suka kawo sayarwa, da muka buɗe tayarsu ba tiyub a ciki, tsumma da busasshiyar ciyawa suka cusa suka taho a haka. Wani ɗan Japan ya zo shi kaɗai a kan keke, bai yarda mun taɓa keken ba, ruwan duronmu kawai ya ara ya yi facinsa, ya kwana a rumfa, da safe ya rusuna mana ya wuce. Oga Kwabo ke magana da su, don yana jin Turanci.

Yanzu zobe. Tayar babbar mota ta wancan zamani, da irin ta tifar da ɗan'uwanku ya hau, ba a haɗe wilinta, ƙarfen da take zama a kai, yake ba. Akwai zoben ƙarfe mai tsaga guda da ke shiga wata kwalbati a bakin wilin, shi ke riƙe tayar. Duk iskar da ke ɗauke da mota da kayanta, zoben nan take turawa. In ya zauna daidai, shi ke nan. In ya lanƙwashe, ko tsatsa ta cika kwalbatin, ko yana da tsagun da ba ka gani ba, to ranar da ya ga dama zai tashi, kuma abin da ya samu a gabansa da shi zai tafi. Ƙa'idar Oga Kwabo ita ce a kwantar da taya zoben na sama, a ba ta iska kaɗan-kaɗan, ana bin zoben da ƙaramar guduma har ya zauna ko'ina. Sannan a kife ta, zoben na kallon ƙasa, a cika. Yakan ce ba a ba zobe fuska. Na daɗe a hannunsa kafin ya bar ni na riƙe gudumar nan, kuma ko da ya bari, yana tsaye a kaina.

Mummunar shekara ta zo ne bayan gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu. Sabuwar taya ta ɓace daga kasuwa, tiyub ya ɓace, sholisho ma ya ɓace, muka koma jiƙa ɗanyen roba a fetur muna shafawa. Na tuna wata roka ta Dandin Mahe da aka kawo tayarta ta gaba, waya ta fito fili, gefen ya tsage har hannu na shiga. Muka yanko tsohuwar taya muka shimfiɗa a ciki, muka huda muka ɗaure da noti. Oga Kwabo ya ce wa direban ya mai da ita baya. Direban ya ce ta bayan ta fi wannan lalacewa. Haka aka yi ta tafiya a kan tayoyin da ya kamata a ce an yanka su an yi takalma. Duk motar da muka ji ta faɗi tsakanin nan da Jega, sai mu yi tsit a rumfa, ba mai kallon wani, har mu ji wace taya ce ta fashe, kuma wa ya taɓa ta.

Ana cikin haka rediyo ya ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa, an ba da wa'adi gajere. Sai ga manyan motoci suna wucewa arewa cike da mutanen Nijar, katifu da tukwane a sama, yara a tsakiyar kaya, ba mai ɗaga wa kowa hannu. Direbobin da suka fito kudu suna kawo labarin da ba ya daɗin ji, na mutanen Gana da suka taru a bakin ruwa da bakin iyaka suna tattake juna. Oga Kwabo ba shi da takarda ko ɗaya. Danginsa suna Kumasi, amma hanyar zuwa ce ta zama abin tsoro, kuma motar da za ta ɗauki irinsa ta yi wuya. Baba Maccido ya ce masa, "Zamna abinka. Garin ga ba mai nuna ka." Ya zauna har wa'adi ya wuce. Daga nan ya daina magana. In baƙuwar mota ta tsaya, ni ke gaisuwa, ni ke ciniki, shi kansa na sunkuye a kan aiki. Ya daina zuwa wurin mai shayi. In motar masu kaki ta rage gudu a gabanmu, ina jin gudumarsa ta tsaya, sai ta wuce ta ci gaba. Wata rana aka ce wani ya tsaya a tasha yana tambaya ko akwai 'yan Gana a garin. Ba mu san ko wane ne ba, ba mu san abin da aka gaya masa ba.

Ran nan da hantsi wata motar Turawan hamada ta iso. Tun da safe masu kaki sun bi titi a jif suna shela cewa wani babba daga Ikko zai sauka Sakkwato ya wuce Shagari, kada a bar mota ko jaki ko tire a bakin hanya. Sai ga wannan tana tafe tana ɗingishi. Tsohuwar motar soja ce ta ƙasarsu, doguwa kamar raƙumi, jarkoki rataye a gefe, tayar baya ta dama ta kusa zama ƙasa. Ta tsaya a gaban rumfarmu, rabinta a kan kwalta, kuma daga nan ba ta iya ƙara taku ɗaya. Direban ƙato ne mai jan gemu, Jan Gemu muka sa masa. Tayoyinsa biyu na safaya duk sun mutu tun a hanya, dutse ya yanka ɗaya, ƙaya ta cinye ɗaya.

Ranar Oga Kwabo ya buɗe baki. Ya ja Jan Gemu bayan mota suka daɗe suna Turanci. Da ya dawo ya tsuguna kusa da ni ya ce a hankali, "Altine, wannan mota yana zuwa Kamba, ya wuce Kwatano. Na ce masa ba na son komai. In mun gyara, ni zan shiga ciki."

Na ce, "Yau, Oga?"

Ya ce, "Yau. Kawo jak."

Muka ciro tayar, muka buɗe, muka dafa facinta, muka mayar. Rana na ta hawa. Oga Kwabo ya ce in ciro tiyub ɗin safayar da ƙaya ta ci in fara dafa shi, don kada su tafi ba ko ɗaya a ajiye. Da ya ɗauko famfon hannu, Jan Gemu ya girgiza kai ya nuna rana, ya jawo wani dogon tiyo daga ƙarƙashin motarsa. Ashe tankin iskar birkinta na iya cika taya. Ba mu taɓa aiki da irinsa ba. Oga Kwabo ya dubi famfon, ya dubi titi, ya karɓi tiyon. Ina can wajen duro na ba su baya, ina zuba kananzir a fistin, ina jin ƙaramar gudumarsa tana bin zobe, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Ban ji ƙarar ba, abin da zan iya gaya muku ke nan. Ji na yi kamar an maka mini ƙyaure a ƙeya, na tsinci fuskata a cikin ruwan duro. Da na ɗago, duniya ta yi shiru sai wani siririn kuka a cikin kaina. Na ga jakuna na gudu da mangalolin albasa, na ga bakin mata a buɗe, ba na jin komai. Azarar da ke riƙe rumfa ta rabe biyu, kwanon rufi ɗaya ya yage, rana na zubowa ta wurin. Zoben kansa sai washegari aka tsinto shi a gonar bayan tasha, ya nutse a ƙasa. Iskar tankin ce ta fi saurin guduma, ta cika tayar kafin zoben ya gama zama.

Oga Kwabo na kwance rigingine, nesa da inda na bar shi. Zoben ya kuskure kansa ya ci azara, amma tayar ta yi tsalle ta doke shi a kafaɗa. Hannunsa na dama ya juya yadda hannu ba ya juyawa, jini na fita ta kunnensa. Idonsa a buɗe. Wata doguwar Baturiya daga cikin 'yan motar, wadda daga baya na gane aikin jinya take yi a ƙasarsu, ta riga ta durƙusa a kansa da jakarta.

Kafin in miƙe sosai jif ɗin masu kaki ta iso. Sun ji ƙarar daga shingensu, sun ɗauka harbi ne, a ranar da babba zai wuce. Suka diro da bindigogi a ɗage. Kowa ya watse, mai tire ya bar tirensa. Ɗaya ya nuna ni, na ga bakinsa na motsi, na gane cewa yake in kwanta, na kwanta. Ina kwance jin kunnena ɗaya ya fara dawowa, kamar ana magana daga cikin rijiya.

Baba Maccido ne kaɗai bai gudu ba. Ya taso daga buzunsa da sandarsa, ya nufi babbansu, wani saje baƙi siriri wanda Hausarsa ta bariki ce.

"Ranka shi daɗe, ba bindiga ba ta. Taya ta. Zobenta yat tashi."

Sajen ya dubi azarar, ya dubi tayar da ta yage, ya dubi Turawan da suka tattaru jikin motarsu. Ya sa aka sauke bindigogi. Sannan ya tako ya tsaya a kan Oga Kwabo.

"Kai, yaya sunanka?"

Oga Kwabo na kallonsa kawai.

"Da kai nake. Yaya sunanka?"

Baba Maccido ya ce, "Bai ji, ranka shi daɗe. Ƙarar ta toshe mai kunne. Diba jini."

"Ɗan ina ne?"

"Shi ka yi muna faci nan tun gemuna na baƙi."

Sajen ya juyo ya dubi dattijon. "Ba abin da na tambaye ka ke nan ba, Baba."

 Ni ina kwance, kumatuna a ƙasa, ina kallon bakin Oga Kwabo. Zafi ya fara isa gare shi, leɓensa na rawa, na ga yana tattara numfashi zai yi magana. Kalma ɗaya ta isa. Ko kukan zafi ya yi, da yarensu zai fito. Daidai nan Baturiyar, wadda ba ta san abin da ake ciki ba, ta naɗe wani ƙyalle ta tura masa tsakanin haƙora, don za ta ɗaga hannun ta ɗaure. Ya cije ƙyallen. Abin da ya fito gurnani ne, wanda ba shi da ƙasa.

Sai na'urar maganar da ke cikin jif ta fara ƙara, wani ya kira sajen. Ya je ya saurara ya dawo fuskarsa ta canza. Ya ce wa ke da aikin nan. Baba Maccido ya nuna ni. Ya ce in tashi.

"Kafin a kira azahar motar nan ta bar kan titi. In ba ta bari ba, da kai da Turawan da na kwancen nan duk Sakkwato za ku kwana, can za ku yi bayani."

Tayar da ta tashi ta gama aiki, gefenta ya yage, tiyub ya zama tsumma. Saura safayar da ƙaya ta ci, wadda tiyub ɗinta ke cikin tukunya. Na sake kunna wutar. Ashana ta ƙi kama mini, sai Baba Maccido ya karɓa ya ƙyasta mini. Huji ba ɗaya ba ne, kuma kowanne sai ya dahu ya huce, ba yadda za ka yi da wuta ta yi sauri. Tsakanin dahuwa da dahuwa na shafa cikin tayar na ciro ƙayoyin, na kankare kwalbatin wili da magagari har ƙarfe ya yi fari, na wanke da kananzir. Sannan na ɗauko zobenta. Akan rataye zobe a yatsa a buga shi da guduma. Lafiyayye yakan yi waƙa mai tsawo, mai tsagu sai ya yi tari ya yi shiru. Na buga, ban ji komai ba sai kukan da ke cikin kaina.

Na ce, "Baba, mi kaj ji?"

Ya kara kunne, na sake bugawa. Ya ce, "Na ji ƙarhe, ɗana."

Na dubi wajen Oga Kwabo, an jawo shi inuwa, idonsa a rufe. Ba wanda zan tambaya. Na sake bugawa na rufe ido, na bi rawar ƙarfen a yatsana, na ji ta daɗe kafin ta mutu. Da wannan na yi aiki. Ban tabbata ba, kuma ba ni da wani zoben.

Da na haɗa tayar na kwantar da ita, na ɗauko famfon hannu. Tiyonsa gajere ne, mai bugawa dole ya tsaya dab da taya. Na dubi 'yan dakon albasa, abokaina na da, waɗanda kullum ke karɓa mana famfo don wasa. Duk sun koma bayan katangar masallaci suna leƙe. Ban ga laifinsu ba, sun ga azara. Na fara bugawa ni kaɗai, in buga kaɗan in sauka in bi zobe da guduma, in tashi in koma. Sai na ga inuwa a kaina. Jan Gemu ne, ya tuɓe riga, fuskarsa ta yi fari fat, ya kama famfon. Na nuna masa da hannu, a hankali, in na ɗaga hannu ya tsaya. Ya gyaɗa kai.

Na kwanta a gefen tayar, kaina ƙasa da bakinta, hannu kawai na miƙa sama da guduma. Na ce a raina in za a ɗauka, a ɗauki hannun. Yana bugawa ina bin zoben, ina jan jiki a ƙasa ina zagayawa, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Roba na kumbura a jikin kunnena. Can sai tayar ta yi wata ƙara, ƙas, har ni na ji. Jan Gemu ya saki famfo ya faɗa ƙasa ya rufe kai, masu kaki suka ja da baya. Ƙarar zaman taya ce a bakin wili, na sha jin ta. Na miƙe. Na duba zoben ko'ina, ya shiga. Muka kife ta, na naɗe ta da sarƙar jan motarsu, muka tura ta ƙarƙashin mota, muka koma ɗaya gefen muka cika ta da tiyon tanki daga nesa. Ta cika. Ta tsaya.

Muna ɗaure noti na ƙarshe ladan ya fara gyaran murya. Sajen ya ce a kwashe mai raunin nan ma, kada manya su ga jini a bakin hanya. An rufe hanyar Sakkwato, saboda haka ba maganar asibiti. Baba Maccido ya ce akwai maɗori gaba da Shagari kaɗan, Turawan ai can suka nufa, su sauke shi. Aka ɗaga Oga Kwabo aka shimfiɗa shi a tsakiyar motar a kan bargunansu. Na jefa ƙullin kayansa ciki, wanda ya daɗe a ɗaure a bayan akwati. Ina shirin hawa na ji sajen ya matso kusa da Baba Maccido ya ce, ba da ƙarfi ba, "In ya samu sauƙi, ka aika masa kada ya yi gaggawar dawowa."

Na bi su ne don in ga yadda tayar za ta yi. Na zauna daidai kanta, duk ramin da muka faɗa sai in leƙa in dube ta. Muka wuce Lambara, mutane jere a bakin hanya suna jiran babba, suna ɗaga mana hannu don sun ga Turawa. A shingen Shagari aka tsayar da mu. Wani mai kaki ya hau ya leƙa, ya ga mutum kwance da ɗauri da jini, ya tambaye ni. Na ce taya ce ta tashi da shi, sajen Bodinga ya ce a kai shi wurin maɗori. Ya daɗe yana kallon fuskar Oga Kwabo. Oga Kwabo ya rufe ido. Sai aka jiyo jiniya can nesa a bayanmu, mai kakin ya diro ya buga jikin mota ya ce mu ɓace.

Maɗorin ya gyara ƙashin a ƙarƙashin wata tsamiya, ya ɗaure da karare, Baturiyar na tsaye tana kallo ba ta hana ba. Ya ce a bar shi ya kwana biyu. Oga Kwabo ya girgiza kai ya nuna mota. Da za a mai da shi ciki ya kama rigata da hannun hagu, ya yi magana da ƙarfi yadda wanda ba ya jin muryarsa ke yi.

"Akwati naka ne. Kada ka ba mutum aron liba. Rumfa, ka canja azara kafin ruwa ya zo."

Na ce to. Suka tashi, na tsaya ina kallon tayar baya ta dama har ta shige kwana. Sai bayan la'asar aka buɗe hanya na samu motar gero ta dawo da ni.

Na canja azarar. Na ci gaba da aiki ni kaɗai cikin shekarun da suka biyo, waɗanda ba su fi wannan sauƙi ba, soja suka karɓi mulki, aka rufe iyaka, Turawan hamada suka ɗauke ƙafa. Na daɗe in zan ba babbar taya iska sai na kori kowa daga rumfa. Ba wanda ya san ko sun kai, ko an sauke shi a wani shinge, ko tayar ta tashi da su a daji. Duk direban da ya fito yamma sai na tambaye shi, ba wanda ya ga komai.

Sai bayan daminar shekarar da ya tafi wani direba, Namadina, da ke kai albasa Kamba, ya tsaya shan iska. Ya daɗe bai biyo ta nan ba, don motarsa ta yi ta zaman jiran taya. Yana saukowa ya ce, "Altine, ina da saƙonka, ya tsuhwa a wurina. Na ishe oganka a Kamba, bakin iyaka, cikin motar Nasara, hannu a ɗaure."

Na ajiye liba. Na ce, "Sun ƙetare?"

"Gabana sunka ƙetare. Ya ce in hwaɗa maka taya ya kai. Amma iska ya yi yawa, shi da kansa ya rage a Jega da hannu guda."

Na ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Na tambaye shi ko akwai wani saƙo, bai ji ni ba, ashe ta wajen kunnen da yam mutu nike tsaye. Kahin in zagaya ɗaya gehen, mota ta tashi."

Labarinsa na ƙarshe da ya iso Bodinga ke nan.